RUWA BA YA TSAMI BANZA: YADDA ISKA KE WANKE RUWAN ƘAZANTA

(Wannan shi ne jawabin da Editan wannan jarida ya yi a wajen wani taron manoman rani da masu kiwon kifi. Mun buga shi duka saboda waɗanda ba su sami halarta ba.)

 

Zan fara da abin da ya faru a gidanmu. Wani ƙanena ya haƙa tafki ya zuba karfasa. Ya yi wata huɗu yana ba su abinci, har sun fara cika hannu. Wata rana aka wuni da hadari, rana ba ta fito ba. Da asuba ya je ya tarar da kifin nan sun taso sama, suna ta buɗe baki. Kafin hantsi fiye da rabinsu sun juya ciki sama. Ya zo wurina ransa a ɓace, ya ce, "Yaya, wani ne ya zuba mini guba." Muka je tare muka duba. Ba wanda ya zuba masa komai. Iskar da ke cikin ruwan ce ta ƙare.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya kashe kifin ƙanena shi ne ke sa kududdufi ya yi baƙi, shi ne ke sa kwata wari. Kuma maganinsa shi ne abin da manyan birane ke kashe kuɗi masu yawa a kai kullum, wato sa wa ruwa iska. A kan wannan zan yi magana yau.

SU WA KE CINYE ƘAZANTA?

Idan aka zubar da kashin shanu a gona, bayan wata biyu ko uku sai a neme shi a rasa. Ya zama ƙasa. Wa ya cinye shi? Akwai wasu halittu ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ana kiran su bakteriya. Wasunsu na kawo cuta, amma mafi yawansu masu yi mana aiki ne. Su ne ke ruɓar da ganye da mushe da bayan gida. Suna cikin ƙasa, suna cikin ruwa.

Waɗannan halittu kashi biyu ne. Kashi na farko suna numfashi kamar mu. A cikin iskar da muke shaƙa akwai wani sashe da ake kira oksijin. Idan aka raba iska kashi 100, oksijin shi ne kashi 21. Shi ne ke riƙe ran mutum da dabba da kifi, shi ne kuma ke sa wuta ta ci. Bakteriya masu shaƙar oksijin suna da saurin aiki, kuma aikinsu ba ya wari.

Kashi na biyu su ne masu zama inda babu oksijin. Su ma suna cin ƙazanta, amma a hankali. Su ne ke fitar da warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, su ne ke mai da ruwa baƙi. Saboda haka duk inda kuka ga ruwa ya yi baƙi yana wari, ku sani oksijin ya ƙare a cikinsa. Ma'aikatan kirki sun mutu, sai na banza suka karɓi aikin.

Ku dubi maƙeri. Gawayi na nan, wuta na nan, amma ƙarfe ba zai yi ja ba sai yaro ya ja zuga-zugi. To, ƙazanta ita ce gawayi, bakteriya su ne wuta, iska kuwa sai an zuga.

RUWA BA YA RIƘE ISKA DA YAWA

Ga inda matsalar take. Ruwa yana shan oksijin daga iskar da ke taɓa samansa, amma ɗan kaɗan yake iya riƙewa. Lita ɗaya ta ruwa mai sanyi-sanyi tana riƙe kimanin miligiram 9. Idan ruwan ya yi ɗumi kamar na watan bazara, sai ya sauka zuwa 7 da rabi. Bari in sauƙaƙa. Ku ɗauki duro mai cin lita 200, ku cika shi da ruwa mai kyau. Duk oksijin da ke cikinsa bai kai giram 2 ba. Bai kai nauyin ƙwayar sukari ɗaya ba.

Yanzu ku cika duron nan da ruwan kwatar birni, mai ɗauke da bayan gida da ruwan wanke-wanke. Kafin bakteriya su cinye ƙazantar da ke ciki suna bukatar oksijin kimanin giram 50. Ana bukatar 50, ga shi duron bai riƙe ko 2 ba. Ke nan sai an sake cika ruwan da oksijin sau 25 ko fiye kafin aiki ya ƙare.

Kogi mai gudu yana yin wannan da kansa. Yana faɗowa kan duwatsu, yana juyawa, yana shan iska. Idan ƙazantar kaɗan ce, kogin zai wanke kansa kafin ya yi nisa. Amma idan mutane sun yi yawa, ƙazanta ta fi ƙarfinsa, sai kogin ya shaƙe.

KOGIN DA YA MUTU YA FARFAƊO

Haka ta faru a birnin Landan na ƙasar Ingila. Akwai babban kogi da ya ratsa birnin, sunansa Tems. Duk bayan gidan mutanen birnin cikinsa yake zuba, kuma daga cikinsa ake ɗebo ruwan sha. Cutar kwalara, wato amai da gudawa, ta yi ta kashe dubban mutane. A lokacin zafi na shekarar 1858 kogin ya yi warin da har 'yan majalisar ƙasar suka kasa zama a zaurensu, wanda ke bakin ruwan. Suka jiƙa labule da magani suka rataya a tagogi, bai hana ba.

Sai aka ba wani injiniya mai suna Joseph Bazalgette aiki. Ya gina manyan lambatu a ƙarƙashin ƙasa, suka kwashe ƙazantar suka kai ta can gabas da birni, suka juye a cikin kogin dai. Wari ya ragu a tsakiyar gari, kwalara ta ja da baya. Amma ku lura, kawar da ƙazanta daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar gidan wani ba shi ne wanke ta ba. Birni ya ci gaba da girma. A shekarar 1957 masana suka duba suka ce kogin ya mutu. A wani dogon yanki nasa ba kifi ko ɗaya.

Daga shekarun 1960 aka gyara manyan matatun ruwan ƙazanta na birnin, aka faɗaɗa su, ana hura wa ruwan iska kafin a sake shi cikin kogi. A shekarar 1974 aka kama wani kifi da ake kira salmon a cikin Tems. Wannan kifi ba ya zama sai a ruwa mai wadatar oksijin, kuma an yi fiye da shekara 100 ba a gan shi a wurin ba. Yau ana ƙirga kifi fiye da iri 100 a kogin. Har ma a shekarun 1980 suka ƙera jirgin ruwa na musamman, wanda aikinsa shi ne ya je inda oksijin ya yi ƙasa ya ɗura wa kogin, don kada kifi su mutu.

DABARAR MAI NONO

Wace dabara ce ta ceci wannan kogi? An gano ta a wani birnin Ingila mai suna Manchesta, a matatar Davyhulme. Masana biyu ne, Edward Ardern da William Lockett. Suka zuba ruwan ƙazanta a kwalabe suna hura masa iska. Ruwan ya wanku, amma sai da aka yi wajen mako 5. Wane birni ne zai iya ajiye ruwan ƙazantarsa har mako 5?

Da suka tsayar da iska, sai wata laka mai ruwan ƙasa ta kwanta a gindin kwalba. Maimakon su zubar da ita, sai suka tsiyaye ruwan sama, suka bar lakar, suka zuba sabon ruwan ƙazanta a kanta, suka ci gaba da hura iska. Suka yi ta maimaitawa. Kowane zagaye lakar na ƙaruwa, lokaci na raguwa, har aikin mako 5 ya dawo na awa 24. Suka bayyana wannan ga jama'a a shekarar 1914.

Iyayenmu mata sun riga sun gane abin da ya faru. Mai nono idan ta tatso madara ba ta barin ta haka nan. Takan ɗiba ɗan tsohon nono ta zuba a ciki, kafin gari ya waye ta yi barci. Lakar nan ita ce tsohon nono. Cike take da bakteriya masu jin yunwa. Shi ya sa za mu kira ta laka mai rai.

Ga yadda matata ke aiki a yau. Da farko ruwa ya bi ta cikin ragar ƙarfe, a tare leda da tsumma. Na biyu ya tsaya a tanki, yashi da ƙazanta mai nauyi su kwanta. Na uku ya shiga babban tankin siminti mai zurfin mita 4 zuwa 6, a gauraya shi da laka mai rai, a yi ta hura iska kamar awa 6 zuwa 8. Na huɗu ya shiga wani tankin ya natsu. Ruwa mai haske ya malala ta sama, laka ta kwanta. A mai da wani sashe nata tanki na uku ta ci gaba da aiki. Ragowar kuwa a sarrafa ta. A birnin Milwoki na Amurka tun shekarar 1926 suke busar da irin wannan laka suna sayarwa a buhu a matsayin taki.

FAIFAN ISKA

Yanzu mun zo zuciyar magana. Ta yaya ake sa iska cikin ruwa mai zurfin mita 5?

Hanya ta farko ita ce a buga ruwan daga sama. A sa inji mai fukafukai yana juyawa, yana watsa ruwa cikin iska, kamar yadda mace ke burga miya. A shekarar 1954 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Pasveer ya yi wa wani ƙaramin gari irin wannan. Ya haƙa rami mai zagaye, ya gitta buroshi mai juyawa, yana tura ruwan yana shan iska.

Hanya ta biyu ita ce a tura iskar daga ƙasa. Akwai injin hura iska, wato zuga-zugi na lantarki. Yana tura iska cikin bututu har gindin tanki. A can an jera wasu abubuwa masu kama da faifan rufe ƙwarya, ɗaruruwa ko dubbai. Mu kira su faifan iska. Kowane faifai faɗinsa kamar taƙi ɗaya ne, an rufe shi da roba mai ƙananan huji dubbai. Idan iska ta zo sai robar ta kumbura, huji su buɗe, iska ta fito ƙwaya-ƙwaya ta yi sama. Idan inji ya tsaya sai robar ta kwanta, huji su rufe, ruwa ba zai koma cikin bututu ba. Kafin a fara na roba, da gasasshen yumɓu ake yi. Kun san yadda sabuwar randa ke tsatsafo da ruwa ta jikinta? Ta irin waɗannan ƙananan ƙofofi iska ke fita.

Faifan iska iri biyu ne. Akwai mai fitar da babbar kumfa, kamar ƙwayar gyaɗa ko fiye. Akwai mai fitar da ƙaramar kumfa, kamar ƙwayar gero. Wanne ya fi? Mai kallo zai ce mai babbar kumfa, domin shi ne ke sa ruwa ya yi ta tafasa yana ƙara. Ba haka ba ne.

Ku ɗauki dunƙulen kanwa ku jefa a ruwa. Ku ɗauki wani kamarsa ku daka ku zuba. Wanne zai riga narkewa? Dakakken, domin ruwa na taɓa shi ta ko'ina. Haka iska take. Oksijin ba ya shiga ruwa sai ta fatar kumfa. Idan aka fasa kumfa ɗaya mai faɗin milimita 10 zuwa ƙanana masu milimita 2, za a sami 125. Iskar ba ta ƙaru ba, amma fatar da ke taɓa ruwa ta ninka sau 5.

Dalili na biyu shi ne tafiya. Babbar kumfa da gudu take hawa, ta fashe a sama, ta tafi da oksijin ɗinta. Ƙarama kuwa a hankali take hawa, tana rabar da nata a hanya. Saboda wannan dalili ne ma ake zurfafa tanki, don tafiyar ta yi tsawo. An auna a ruwa mai tsabta mai zurfin mita 5. A cikin kashi 100 na oksijin da aka tura, ƙaramar kumfa na ba ruwa kimanin 30. Babba kuwa 10 zuwa 15 kawai. Saura duk ya koma sama.

Amma kada a raina mai babbar kumfa. Hujinsa manya ne, ba ya saurin toshewa, kuma yana juya ruwa da ƙarfi. Inda laka ta yi kauri, ko inda yashi ya yi yawa, shi ake sawa. Kowane da ranarsa.

INA KUƊI KE TAFIYA?

Me ya sa ake wannan dogon lissafi? Saboda kuɗin wuta. A matatar da ke aiki da laka mai rai, injin hura iska shi kaɗai yakan cinye rabin lantarkin wurin ko fiye. Dare da rana yake aiki, ba hutu. Da yunit ɗaya na lantarki, ƙaramar kumfa na sa wa ruwa oksijin ninki biyu ko fiye na abin da babba ke sawa. Da man fetur ya yi tsada a duniya a shekarun 1970, birane da yawa suka fara komawa ga ƙaramar kumfa.

Akwai abubuwa huɗu da ke rage wa faifan iska ƙarfi.

Na ɗaya, sabulu da omo da maiƙo. Suna lulluɓe fatar kumfa, oksijin ya kasa fita da sauri. A cikin ruwan ƙazanta, ƙaramar kumfa na iya rasa kusan rabin ƙarfin da take da shi a ruwa mai tsabta.

Na biyu, toshewa. Yauƙi da farar ƙasa irin wadda ke kama gindin buta suna taruwa a kan roba. Huji su ƙanƙance, inji ya yi ta wahala, wuta ta ƙara tafiya. Dole lokaci-lokaci a kwashe ruwan tanki a wanke faya-fayan. Bayan wasu shekaru roba takan bushe ta tsage, sai a sake sabuwa. Ma'aikaci mai lura yana ganewa da ido. Idan saman tanki ya yi lumui da ƙananan kumfa ko'ina daidai, lafiya. Idan wuri ɗaya na ɓulɓulowa kamar idon ruwa, roba ta yage a nan.

Na uku, yawan iska. Bakteriya ba sa bukatar ruwa ya ƙoshi. Miligiram 2 a lita ya ishe su. Abin da aka ƙara bayan wannan ɓarna ce, kamar mai ci gaba da iza wuta bayan tuwo ya nuna. Shi ya sa ake tsoma wata na'ura mai auna oksijin, ita ke gaya wa inji ya ƙara ko ya rage.

Na huɗu, ɗaukewar wuta. Idan inji ya tsaya na tsawon lokaci, laka mai rai ta shaƙe, ta yi baƙi, ta fara wari. Kafin a sake raya ta sai an yi kwanaki ko makonni. Matata ba gini ba ce da za a buɗe a tafa a watse. Kamar garken dabbobi take, kullum sai an kula.

MU FA A NAN GIDA?

Wani zai ce, "Malam, wannan ai zancen Turai ne." A'a. A Abuja akwai matatar Wupa, wadda aka gina don ta yi aiki da laka mai rai. Amma yawancin garuruwanmu ruwan kwata haka yake shiga rafi ba a wanke ba. A Kano, rafin Jakara ne ke kwashe ruwan ƙazantar birni. Rafin Getsi ya kawo masa na masana'antun Bompai, su haɗu su gangara madatsar ruwa ta Wasai. A bakin wannan ruwa manoma ke noman latas da alayyafo da albasa. Kogin Chalawa kuma na karɓar ruwan masana'antun jima. Abin da aka zuba a birni, a gonar ƙauye yake sauka. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu.

Muna da wata dama da Ingila ba ta da ita, wato rana. Ku dubi kududdufi mai ruwa kore. Ba ya wari kamar baƙin. Koren nan ƙananan tsirrai ne dangin gansakuka. Da rana suna fitar da oksijin cikin ruwa kyauta, ba inji ba lantarki. A ƙasashe masu zafi akan haƙa tafkuna a jere, uku ko fiye. Na farko mai zurfi, ƙazanta ta kwanta. Na biyu kamar mita 1 da rabi, gansakuka da bakteriya su yi aiki tare. Na uku bai kai wannan zurfi ba, hasken rana ya kashe ƙwayoyin cuta. Ruwa yakan yi makonni yana wannan tafiya. Abin da ake bukata shi ne fili da kulawa. Idan za a yi wa garinku irin wannan aiki, ku tambayi masu kawo shi: wa zai biya kuɗin wuta? Wa zai gyara idan ya lalace? Inda fili ke da araha, wuta kuma ba ta tsayawa, sau da yawa tafki ya fi inji.

Mu koma ga kifin ƙanena. Gansakukar da ke ba da oksijin da rana, da dare ita ma shaƙa take yi. Kifi na shaƙa, bakteriya masu cin ragowar abinci na shaƙa. Saboda haka da asuba oksijin ya fi ƙaranci. Ranar da aka wuni da hadari ba a tara komai ba, ga ruwa da ɗumi, ga abinci ya yi yawa a gindin tafki. Shi ke nan. Tarwaɗa takan jure, domin tana iya tasowa ta haɗiyi iska. Karfasa ba ta da wannan baiwa.

To, masu kifi ku riƙe waɗannan:

1. Ku riƙa duba tafki da asuba. Idan kifi sun taso suna buɗe baki, iska suke nema, ba abinci ba.
2. Ranar nan kada ku ba su abinci.
3. Ku rage tsohon ruwa ku ƙara sabo. Kada ku tsoma bakin tiyo cikin ruwa. Ku ɗaga shi sama, ruwan ya faɗo kan kwando ko dutse ya tarwatse. Ɗigo ƙanana sun fi shan iska, kamar yadda kumfa ƙanana suka fi ba da ita.
4. Ku kwashe matattun ganye, kada kuma kainuwa ta rufe fuskar tafki.
5. Kada ku cika tafki da kifin da ya fi ƙarfinsa.

TAMBAYOYI DA AMSOSHI

Wani dattijo ya ce: Malam, ruwan da aka hura wa iska ya yi haske, ana iya sha?

Amsa: A'a, Baba. Haske ba shi ne tsabta ba. Iska na rage ƙazanta da wari, amma ba ta kashe dukan ƙwayoyin cuta. Sai an ƙara masa magani irin su kulorin, shi ma don a sake shi cikin kogi ne ko a yi ban ruwa. Ruwan sha kuwa a ɗebo daga famfo ko rijiya mai murfi, in ana shakka a tafasa.

Wata uwa ta ce: Ganyen da aka shayar da ruwan kwata fa?

Amsa: Inna, wanda za a dafa a dafa shi sosai. Wanda ake ci ɗanye, kamar latas da kabeji, a wanke shi ganye-ganye da ruwa mai tsabta. Manomi kuma ya bi da ruwa ta gindin shuka, kada ya watsa a kan ganye, ya kuma daina ba da wannan ruwa kwanaki kafin ya cire. Amma ruwan masana'antar jima dabam ne. Yana ɗauke da wani sinadarin ƙarfe mai suna kuromiyam. Iska ba ta narkar da shi, dahuwa ba ta kawar da shi. Wannan tun a masana'anta ya kamata a cire shi.

Wani saurayi ya ce: Me ya sa masu yashe salga ko tsohuwar rijiya kan faɗi a ciki?

Amsa: Ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya, domin ta rai ce. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai guba ce. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka a gindin rami take taruwa. Idan ta yi yawa takan kashe hanci, mutum ya daina jin warin, ya zaci lafiya, sai ya faɗi. Kada kowa ya shiga rami irin wannan da an buɗe shi. Kada a zura fitila ko ashana, domin akwai wata iskar a ciki mai kama wuta. Kada a shiga ba igiya a ƙugu da mutane a sama. Idan wani ya faɗi, kada ka bi shi haka nan. Sau da yawa mai ceto ne ke zama gawa ta biyu. A jawo shi da igiya, a nemi 'yan kwana-kwana.

KAMMALAWA

Jama'a, ga abin da nake so kowa ya koma gida da shi. Masu wanke ruwan ƙazanta halittu ne masu rai, kuma iska suke bukata. Ƙaramar kumfa mai tafiya a hankali ta fi babba mai ƙara aiki. Ruwan da ya yi baƙi yana wari kuwa faɗa mana yake yi an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Kada mu zuba shara da mushe da bayan gida a rafi ko kududdufi, domin na ƙasa da mu shi zai sha.

Ƙanena ya sake zuba kifi. Yanzu ya kafa kwando a kan sanduna a tsakiyar tafkin, kuma kullum da asuba can yake fara zuwa kafin ya tafi gona.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.